Gwajin jinin kadmiyam ga masu walda da gyaran mukayyif: jini kaɗai ya wadatar?

Abu_Hafsat_Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga ma'aikatan lafiya ce da masu sana'ar wuta da ke wannan zaure. Yaranmu da yawa a Sana'iyya, wato unguwar masana'antu, ta Jidda da Makka suna liƙin bututun mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da firji, wasu suna yankan sikrab (tsofaffin ƙarafa) da wutar gas. Yanzu magana ta bazu cewa a je a yi tahlili, wato gwajin jini, na kadmiyam, ƙarfen nan mai guba da ke tashi a hayaƙin aiki, in ya fito ƙasa da 5 shi ke nan, mutum lafiyarsa ƙalau. Wasu kuma na cewa jini ba ya nuna komai, fitsari ake dubawa. Wanne ne daidai? A wace kwalba ake ɗiba? Sai an yi azumi? Kuma 5 ɗin nan, 5 na mene ne? Don Allah wanda ya sani ya warware mana dalla-dalla, kuɗin guminsu za su kashe.

Bashir_Lab_Madina:
Wa alaikumus salam Abu Hafsat. Bari in ɗauki ɓangaren ɗakin gwaji, likitoci su ɗora daga nan.

5 ɗin maikirogiram 5 ne a cikin lita ɗaya ta jini. A takarda za ka ga µg/L, wani wurin ng/mL, duk abu ɗaya ne. Inda ake ruɗewa shi ne in an rubuta nmol/L, domin maikirogiram 1 daidai yake da kusan nanomol 8.9. Wanda takardarsa ta ce 9 nmol/L yana kusa da 1 µg/L ne kawai, kada hankalinsa ya tashi. A fara duba ma'aunin kafin a dubi lambar.

Jinin kuma cikakkensa ake so. Kusan duk kadmiyam ɗin da ke yawo a jini yana cikin jajayen ƙwayoyi ne, saboda haka in aka juya kwalba a inji aka ɗebi ruwan da ya taso sama aka auna, lambar za ta fito ƙasa sosai, kuma ba gaskiya ba ce. Kwalbar da ta dace ita ce mai murfi shuɗi mai duhu, wadda aka yi musamman don auna ƙarafa, mai EDTA a ciki, wato sinadarin hana jini daskarewa. Ita ma iri biyu ce: mai ratsin shunayya a jikin takardarta ita ce mai EDTA, mai jan ratsi kuwa ba ta da abin hana jini daskarewa. In aka ɗiba a mai jan ratsi jini ya yi guda, aiki ya ɓaci. Kada kuma a rikita ta da mai murfi shuɗi mai haske, waccan ta gwajin daskarewar jini ce. Bayan ɗiba a kifa kwalbar a hankali sau 8 zuwa 10, ba jijjigawa ba, kada a buɗe murfin, a sa ta a firji tsakanin digiri 2 da 8. Babu buƙatar azumi.

Dakta_Rabi:
Malam Bashir ya gama da kwalba. Asalin tambayar kuwa, duka ɓangarorin biyu suna da rabin gaskiya.

Jini yana ba ka labarin abin da ya shiga jiki a 'yan watannin nan, kamar uku zuwa huɗu. In mutum ya bar hayaƙin, lambar jininsa za ta sauko da kusan rabi cikin wannan lokaci. Amma saukowar ba tana nufin gubar ta fita ba ce, wuri ta sake. Kadmiyam yana taruwa a hanta da ƙoda, kuma a ƙoda kafin rabinsa ya fita ana ɗaukar shekara 10 zuwa 30. Shi wannan tarin na shekaru fitsari ne ya fi nuna shi, ana auna shi a raba da kiriyatinin ɗin fitsarin (wani datti da ƙoda ke fitarwa, mai nuna kaurin fitsarin), sakamako ya fito a µg/g.

Wato dattijon da ya yi shekara ashirin yana liƙi da silba, wato sandar liƙi mai azurfa, ya daina bara, jininsa na iya fitowa 1.5 alhali ƙodarsa cike take. Yaron da ya fara wata huɗu da suka wuce kuma jininsa na iya kai 7, fitsarinsa bai motsa ba tukuna. Shi ya sa ba a zaɓar ɗaya. Gwaji uku ne ke tafiya tare: kadmiyam na jini, kadmiyam na fitsari, da wani ƙaramin furotin a fitsari mai suna beta-2 maikirogulobulin, wanda ke nuna ko ƙodar ta fara yoyo.

MaiWalda_Yanbu:
Kafin a kai ga asibiti, a fara tantance ko sandar da yaro ke ƙonawa ma tana da kadmiyam, don ba kowace ba ce. Liƙin jan ƙarfe da jan ƙarfe, wanda shi ne mafi yawan aikin mukayyif, da sandar jan ƙarfe mai fosforas ake yi, wadda lambarta ke farawa da BCuP. Wannan babu kadmiyam a cikinta. Matsalar tana wajen silba, wadda ake ɗaukowa in za a haɗa jan ƙarfe da baƙin ƙarfe ko tagulla, kamar bakin kwamfuresa. BAg-1 azurfa kashi 45 ce, kadmiyam kashi 24. BAg-1a azurfa 50, kadmiyam 18. BAg-2 azurfa 35, kadmiyam 18. Masu aiki suna son su ne don suna narkewa da wuri, wajen digiri 620, suna kuma bin tsaga kamar ruwa. Marasa kadmiyam su ne irin BAg-5 da BAg-7. Tarayyar Turai ta hana sa kadmiyam a sandunan liƙi tun ƙarshen 2011, amma sandar da ake sayarwa ɗai-ɗai ba kwali ba lamba, ba wanda zai iya rantse maka abin da ke cikinta.

Dan_Takari77:
To ai shi ke nan, a sauya sanda a huta. Me ya kawo kashe kuɗin tahlili uku? Da yawan yaran nan ba su da ta'amin, wato inshorar lafiya, wasu ko iƙama, takardar izinin zama, babu.

Dakta_Rabi:
Sauya sanda shi ne gaba da komai, ban yi musu ba Ɗan Takari. Amma yana tsayar da abin da zai shiga gobe ne, ba ya gaya maka abin da ya riga ya taru. Wanda bai wuce 'yan watanni yana aikin ba, kuma aljihunsa bai kai ba, zan iya cewa ya sauya sanda ya yi na jini kaɗai. Wanda ya yi shekaru, musamman mai ciwon suga ko hawan jini, ba zan yafe masa na fitsari ba, domin ƙodarsa tana ɗauke da kaya biyu.

Jamiin_Kariya_Jubail:
Ina so in gyara maganar "ƙasa da 5 lafiya lau". Wannan 5 ɗin ta wurin aiki ce, ba iyakar lafiya ba. Ta fito ne daga dokar 1992 ta OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, kuma kamfanoni da yawa a nan Jubail da Yanbu da ita suke aiki. Dokar ta ce ma'aikaci yana matakin farko in jininsa bai wuce 5 µg/L ba, kadmiyam na fitsari bai wuce 3 µg/g ba, beta-2 bai wuce 300 µg/g ba. Ɗaya daga ciki ya haura, sai a binciki wurin aikin, a yi masa cikakken gwajin likita, a riƙa maimaita gwaje-gwajen nan uku duk wata shida. In jini ya wuce 10, ko fitsari ya wuce 7, ko beta-2 ya wuce 750 tare da hauhawar ɗaya daga cikin biyun, aka sake aunawa ya tabbata, dole a janye shi daga aikin. A iska kuma iyakar maikirogiram 5 ce a kowace mita kubik a tsawon awa takwas.

Mutumin da ba ya shan taba kuma ba ya aikin ƙarfe, jininsa yawanci ƙasa da 1 yake. Saboda haka yaron da ba ya busa sigari ya fito da 3.5, bai kai 5 ba, amma daga wani wuri abin yake shiga, kuma sai an nemo wurin.

Ummu_Sudais_Nas:
Maganar taba da Malam ya taɓo ita ce aka fi mantawa a rubuta a takardar neman gwaji. Ganyen taba yana zuƙar kadmiyam daga ƙasa, kara ɗaya na sigari yana ɗauke da kamar maikirogiram 1 zuwa 2, kuma huhu ya fi hanji karɓarsa nesa ba kusa ba. Mai shan kwali a rana jininsa na iya ninka na wanda ba ya sha sau uku ko huɗu ba tare da ya taɓa riƙe tocin walda ba. Mu'assal ɗin shisha da shamma duk taba ce, a faɗa wa likita, ba wurin jin kunya ba ne. Sannan mai aiki da ke kunna sigari da hannun da ya gama goge liƙi, ƙurar da ke yatsunsa ta manne a karan, wuta ta mayar da ita hayaƙi, ya sha biyu ke nan.

Baba_Ilu_Makka:
'Ya'yana, kada ku manta da maƙeran zinariya. Abin da Indiyawa ke kira KDM ai liƙin zinariya ne da aka cakuɗa da kadmiyam don ya narke kafin sarƙar ta narke. Maƙerin yana sunkuye, hancinsa bai fi taƙi ɗaya daga wutar ba, a ɗan ɗaki mai mukayyif ƙofa a rufe. Hayaƙin yana da launin ɗorawa zuwa ƙasa-ƙasa, yana barin tabo a jikin bulon da ake aiki a kai, kuma ba ya da warin da zai kore ka. Masu gyaran tsofaffin sarƙoƙi da 'yan kunne sun fi shiga haɗari, don ba su san da me aka liƙe abin tun farko ba. Shagunan da ke da bindigar XRF ta auna zinariya, ita ma tana nuna Cd, a ɗora sandar liƙin ko mahaɗin sarƙar a gani kafin a hura wuta.

MaiWalda_Yanbu:
Allah ya ƙara girma Baba, wannan dabarar ta XRF ta yi. Manyan wuraren sikrab ma suna da ita. Ga masu yanka kuma, kusoshi da noti masu rufin kadmiyam suna fitowa daga kayan jirgin sama, jirgin ruwa da na matatar mai. Launinsu ruwan zinariya mai sheƙin bakan gizo, daidai da rufin tutiya mai ruwan ɗorawa, ido ba ya raba su. Kadmiyam yana narkewa a digiri 321, yana tafasa a 767, wutar gas kuwa ta haura 3000. Kafin ƙarfen ya yi ja rufin ya riga ya tashi ya shiga hancin mai yanka.

Dakta_Rabi:
A nan akwai abin da ba ya jiran tahlili, ku riƙe shi da kyau. Wanda ya shaƙi hayaƙin da yawa a wuri kulle ba ya jin komai a take, sai ɗan ƙaiƙayin maƙogwaro da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Bayan awa 4 zuwa 10, galibi cikin dare, sai zazzaɓi, rawar sanyi, tari, ƙirji ya ɗaure. Masu walda sun saba da zazzaɓin hayaƙin tutiya da ke wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu, sai su ɗauka shi ne, su sha Panadol su kwanta. Na kadmiyam ba ya wucewa haka, yana iya ƙona huhu ya tara masa ruwa cikin kwana ɗaya zuwa uku. A Birtaniya lokacin aikin gadar Severn a shekarun 1960, mutum biyar suka yanke kusoshi masu rufin kadmiyam da wutar gas a wuri matsattse, duk biyar suka kwanta, ɗaya ya rasu. Duk wanda numfashinsa ya fara gajarta bayan irin wannan aiki a kai shi ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, a daren, ko a kira motar asibiti a 997, a gaya musu abin da ya ƙona, a tafi da ragowar sandar ko kusar. Hoton ƙirji da auna iskar jini ne na gaggawa, sakamakon kadmiyam kan ɗauki kwanaki, ba a jiransa kafin a fara kula da mutum.

Dan_Zamfara_Riyad:
Ni dai abin da ban gane ba, ba wannan ce gubar da ta kashe yara a Bagega da ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ba? Can ai magani aka ba su suka warke. Me zai hana a ba masu walda shi?

Hadi_Saidaliyya:
A'a ɗan'uwa, waccan dalma ce, daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ƙarfe daban, gwaji daban, ko da yake kwalba ɗaya mai shuɗin murfi na iya isa a auna duka biyun in an rubuta. Ga masu fasa batirin mota ma dalma ce matsalarsu. Batirin da ke da kadmiyam shi ne wanda aka rubuta Ni-Cd a jikinsa, na tsofaffin diril marasa waya, fitilun gaggawa na gine-gine da manyan batiran ajiya na masana'antu.

Maganin da aka ba yaran Zamfara yana kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Kadmiyam da ya daɗe a jiki ba ya kamuwa haka, yana ɗaure ne da wani furotin a cikin ƙwayoyin hanta da ƙoda inda maganin ba ya kaiwa. Wani daga cikin irin waɗannan magunguna, BAL, kwaso shi yake yi ya jibge wa ƙoda, ya ƙara ɓarna. Don haka duk wanda ya ce zai yi maka ƙarin ruwa na wanke ƙarafa, ko ya ba ka ƙwaya ka sha sannan a auna fitsari a nuna maka lamba ta yi sama, ka riƙe kuɗinka. Kowa aka ba irin wannan ƙwayar ƙarafan fitsarinsa sai sun hau. Gwajin gashi ma haka, ƙurar warsha, wato wurin aiki, da ke kan gashin ake aunawa.

Dan_Takari77:
Hijama fa? Da madara da ake ba masu walda?

Hadi_Saidaliyya:
Hijama tana da matsayinta, ba ita nake taɓawa ba, lissafi kawai zan yi. Babban mutum yana da jini kamar lita 5. In lambarsa 5 µg/L ce, duk kadmiyam ɗin da ke jininsa kaf maikirogiram 25 ne. Abin da ke jibge a hanta da ƙoda kuwa da miligiram ake lissafa shi, miligiram ɗaya maikirogiram dubu ne. Kofin ƙaho ya fitar da mililita 100, an cire rabin maikirogiram ke nan. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take zuwa, hayaƙi kuma huhu.

Ummu_Sudais_Nas:
Ta fuskar abinci abin da ke da tasiri na gaske shi ne sinadarin ayon. Hanji yana karɓar kamar kashi 5 cikin 100 na kadmiyam ɗin da ke abinci, amma in jiki na ƙarancin ayon sai ƙofar da ke shigar da ayon ta buɗe sosai, kadmiyam ya bi ta nan. Shi ya sa mata masu yawan haihuwa da ƙarancin jini kan fi mazajensu lamba alhali tukunya ɗaya suke ci. Cutar itai-itai ta Japan, a yankin Toyama inda ruwan kogin Jinzu ya gurɓata gonakin shinkafa, tsofaffin mata ta fi kamawa, ƙashinsu ya yi laushi yana karyewa, gwamnatin ƙasar ta amince kadmiyam ne sanadi a 1968. In mace ba ta shan taba ta fito da lamba sama da yadda ake zato, a duba mata feritin, wato gwajin ayon ɗin da jiki ya ajiye, a kuma tambaya waye ke wanke kayan aikin maigida.

Abu_Hafsat_Jidda:
Jazakumullahu khairan. Amma wasu sun riga sun yi gwajin ƙoda na yau da kullum lokacin sabunta takardun aiki, an ce musu kiriyatinin lafiya, fitsari ba furotin. Wannan bai isa ba?

Dakta_Rabi:
Bai isa ba Abu Hafsat, kuma nan ne mutane suka fi samun kwanciyar hankalin da ba ta da tushe. Kadmiyam ba matatar ƙoda yake fara ci ba, ƙananan bututun da ke bayanta yake ci, waɗanda aikinsu mayar da ƙananan furotin, kalsiyam da suga cikin jini. Kiriyatinin na jini yana auna matatar ne, ba ya motsi sai tafiya ta yi nisa. Tsinken da ake tsomawa a fitsari kuma albumin yake gani, makaho ne ga ƙananan furotin irin beta-2. Mutum na iya shekaru yana zubar da su, yana zubar da kalsiyam, har tsakuwar ƙoda ta fara damunsa, takardarsa tana cewa lafiya. Kuma in yoyon ya yi yawa ba ya komawa, abin da ake iya yi shi ne hana shi ƙaruwa: a bar hayaƙin, a bar taba, a riƙe suga da hawan jini, a daina haɗiyar Brufen da Voltaren kamar gyaɗa saboda ciwon baya.

Bashir_Lab_Madina:
Tunda an zo kan fitsari, shi ya fi jini saurin lalacewa, musamman a zafin ƙasar nan. Beta-2 yana rugujewa in fitsari ya yi tsami, wato pH ƙasa da 5.5, tun yana cikin mafitsara ma. Don haka fitsarin farko na asuba bai dace da shi ba. Mutum ya fara zubar da wanda ke mararsa, ya sha babban kofin ruwa, ya ba da na gaba cikin awa ɗaya, ɗakin gwaji su auna pH nan take su ɗaga shi zuwa wajen 8 kafin su sa a firiza. Wurin da suka karɓi roba suka ajiye a kan kanta har la'asar, sakamakon zai fito ƙasa, a ce maka lafiya. In wurin suna yin RBP ko alfa-1 maikirogulobulin, wasu ƙananan furotin da ke nuna yoyon ƙoda kamar beta-2, sun fi jure tsami.

Na kadmiyam ɗin fitsari kuma, in kiriyatinin ɗin samfurin ya gaza 0.3 ko ya haura 3 g/L ba a dogara da shi, sai a sake. Wanda ya wuni a rana yana zufa, ko mai azumi da yamma, fitsarinsa ya yi kauri ja wur, sau da yawa ya wuce iyaka. A watan Ramadan a bari sai bayan an sha ruwa da awa biyu ko uku. Robar ta zama fara wadda lab suka bayar, ba mai murfin ƙarfe ba, ba mai jan murfi ko ruwan ɗorawa ba, don wasu launukan roba da kadmiyam ake haɗa su.

Jamiin_Kariya_Jubail:
Ƙari a kan na Malam Bashir: kada a je da kayan aiki. A yi wanka, a sa tufa mai tsabta, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa robar. Maikirogiram ake nema, ɗigon ƙura ɗaya daga hannun riga ya isa ya ninka lambar. Kamfanin da ke kiran mai ɗibar jini ya zo cikin warsha ya jera kwalabe a kan bencin aiki, kuɗinsa ya zubar.

Ummu_Sudais_Nas:
Malam Bashir, a wajen jerin kwalabe fa? Mu an koya mana ta ƙarafa ita ake fara cikawa.

Bashir_Lab_Madina:
Akwai saɓani a nan Ummu Sudais. Masu cewa a fara da ita suna gudun kada allura ta kwaso wani abu daga murfin sauran kwalaben. Amma in ta EDTA ce kika fara da ita, sannan kika bi da kwalbar gwajin ƙoda, ɗan abin da ya bi allurar zai ɗaga fotasiyam ya saukar da kalsiyam, kuma waɗannan biyun ne Dakta za ta duba a wannan majinyacin. Mafi tsabta a yi mata huda tata daban da sabuwar allura. In ba hali, a bi takardar umarnin ɗakin gwajin da zai auna. Wani abu kuma, wanda aka yi wa hoton MRI ko CT da allurar launi ya jira kwana huɗu, domin sinadarin yana rikita injin ICP-MS da ake auna ƙarafan da shi.

Dan_Takari77:
Har yanzu ina nan kan bakana. Duk wannan sharaɗi, ƙananan mustausaf, wato asibitocin unguwa, ba za su cika shi ba. Yaro zai biya, a ɗiba a kwalbar da aka ga dama, a ba shi lambar da ba ta da ma'ana. Gara kuɗin ya sayi takunkumi.

Jamiin_Kariya_Jubail:
In takunkumi ne to ya zama na gaske: na roba mai rufe hanci da baki, da matata P100 ko P3, ya zauna daram a fuska. Na takarda na asibiti da shimagi, mayafin kai na Larabawa da ake naɗewa a fuska, ba sa tare hayaƙin ƙarfe, ƙwayoyinsa sun fi ƙura ƙanƙanta nesa. Mai cikakken gemu kuma robar ba ta kama fuskarsa, iska ta gefe take shiga, shi sai mai hular da ke hura iska da batir, ko a dage wajen zuƙe hayaƙin daga bakin aikin. Fanka ta tura hayaƙi gefe zuwa waje, ba daga bayan mutum ba, ba kuma daga gabansa zuwa fuska ba. Kada a share warsha da tsintsiya a bushe ko a hure da iskar kwamfuresa, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Game da kuɗi kuma, wanda ke kan kafalar kamfani ya sani reshen haɗurran aiki na GOSI, hukumar inshorar ma'aikata ta Saudiyya, ya haɗa da baƙi, mai aiki ne ke biyan kashi 2 cikin 100 na albashi, kuma cutar da sana'a ta jawo tana ciki. Amma sai da takarda. Sakamakon da aka yi yau aka adana shi ne hujjar shekara goma masu zuwa, don haka ban yarda a ce gwajin ɓarnar kuɗi ba ne.

Baba_Ilu_Makka:
Ɗan Takari bai yi ƙarya ba a kan ƙananan wuraren nan. Amma tambaya uku ta isa ka gane wuri: wace kwalba za ku ɗiba, a nan kuke aunawa ko aikawa kuke yi, kuma da wane inji. Wanda ya amsa maka shuɗiya mai EDTA, ICP-MS ko injin AAS mai tanderun girafait, ya san aikinsa. Wanda ya tsaya yana kallonka, ka yi masa sallama.

MaiWalda_Yanbu:
Dakta, wata tambaya da ta shafi lokaci. Yawancin mutanenmu suna tafiya gida hutu wata biyu ko uku, kuma da an dawo ne kamfani ke tura su gwaji. Wannan bai ɓoye gaskiya ba?

Dakta_Rabi:
Yana ɓoyewa ƙwarai. Wata uku a Kano ko Damagaram ba hayaƙi, lambar jini ta sauko sosai, a rubuta ƙasa da 5 a rufe fayil. Na fitsari hutu ba ya canza shi da yawa, shi kam ko yaushe aka yi ya yi. Na jini a yi shi gab da tafiya hutu, ko bayan an dawo an yi aƙalla wata uku ana aiki. Ranar mako ko awar da aka ɗiba ba ta da tasiri, ba kamar wasu sinadarai da sai ƙarshen aikin yini ba. Sabon ma'aikaci kuma a yi masa kafin ya fara, don a san daga ina ya tashi. A takardar a rubuta shekarun da ya yi a aikin, ranar da ya ƙona silba ta ƙarshe, da adadin tabar da yake sha, in ba haka ba likitan da zai karanta lamba kawai yake gani.

Abu_Hafsat_Jidda:
Na kwafe duka zan tura wa masu warsha. Saura abu ɗaya Malam Bashir: in ɗakin gwajin aikawa suke yi Riyad ko ƙasar waje, jinin ba ya lalacewa a hanya?

Bashir_Lab_Madina:
Kadmiyam ƙarfe ne, ba ya ruɓewa, jinin da ke cikin kwalbarsa ta asali a sanyaye yana kai makonni ba abin da ya same shi. Abin tsoro shi ne a juye shi a wata roba kafin aikawa, ko ya yi guda saboda ba a kifa kwalbar ba. Wanda tafiya ke kashewa shi ne beta-2. Ku tambaye su ko suna gyara pH a wurin kafin su daskarar, in sun ce sai can inda za a auna, ku ba su jini da kadmiyam na fitsari kawai, beta-2 ɗin ku kai babban asibiti.